Mazubin Da Ke Tsare Zafi Wajen Binciken Ruwa Da Hasken Eksire

Tun shekarar 1916 Debye da Scherrer suka nuna a Jamus cewa in aka haska eksire cikin abu mai ruwa-ruwa, hasken yakan watsu, ya bar zobe-zobe a kan faifan hoto. Daga faɗin zoben nan ne masana ke lissafa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin abin. Amma fa tazarar ba ta tsayawa wuri guda, tana bin zafi da sanyi. A 1938 Morgan da Warren suka auna ruwa a Amurka, daga digiri 1.5 zuwa 83, suka iske tsarin ƙwayoyinsa yana daɗa wargajewa gwargwadon hauhawar zafi. Saboda haka duk awon da aka yi ba tare da an tsare zafi ba, aikin banza ne.

Wahalar ƙera mazubin kuwa ita ce abu biyu ake nema gare shi, kuma ba su ga maciji. Ana so bangonsa ya yi sirantaka don kada ya shanye hasken, ana kuma so ya lulluɓe ruwan sarai don kada zafi ya tsere. Dabarar da aka fi yi ita ce a ɗura ruwan cikin tsinken gilashi mai rami, wanda kaurin bangonsa bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Sa'an nan a cusa shi cikin dunƙulen jan ƙarfe, domin jan ƙarfe na saurin rarraba zafi. Akan huda dunƙulen gaba da baya, watau ƙofar shigar haske da ta fitarsa. Ruwan zafi ko na sanyi ke kewaya shi ta bututu, ko kuwa a ɗumama shi da lantarki. Ma'aunin zafi kuma dab da ruwan ake sa shi, gama a bakin ƙofar nan zafi ya fi zurarewa.

Sauran matsala biyu. In an sanyaya mazubi ƙwarai, raɓa takan kwanta a jikin gilashi, ita ma ta watsa hasken, sai an riƙa busa busasshiyar iska. In kuwa za a wuce digiri 100, wajibi ne a liƙe shi gam, kada ruwan ya tafasa. Haka aka yi a Oak Ridge, inda Narten da abokan aikinsa suka kai digiri 200 a 1967.

Daga ƙarshe akan haska mazubin ba kome a ciki, a zafi iri ɗaya, a ɗebe nasa rabon daga lissafi. Abin da ya rage shi ne na ruwan.