Fita Da Mota Ƙasar Waje Na Ɗan Lokaci: Kuɗin Jirgi Shi Ne Ƙaramin Lissafi

Legas — Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can ranar da babban jirgin dakon motoci ya iso, ya san inda cinikin ya karkata. Jirgi zai buɗe ƙofarsa ta baya, direbobi su yi ta fito da motocin tokumbo daga Antwerp da sauran tasoshin Turai da Amurka, tun safe har dare. Motocin da ke hawa jirgin domin fita ba su taka kara sun karya ba. Cikin waɗannan 'yan ƙalilan akwai wani rukuni da ba a cika yin maganarsa ba, wato motar da mai ita zai bi ta can, ya tuƙa ta na wasu watanni, sannan ya dawo da abarsa gida.

Sha'awar irin wannan tafiya ta ƙaru a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2023 wani ayarin 'yan Gana ya isa Landan da motocinsa daga Akara, a watan Afrilun 2024 kuma Pelumi Nubi ta shigo Legas da ƙaramar motarta ƙirar Peugeot 107 bayan ta taso daga Landan. Mu kuwa abin ba baƙonmu ba ne, domin kakanninmu sun bi ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, suka tsallaka Jidda a jirgin ruwa. Abin da ya canja shi ne takardu, kuma a cikin takardun ne kuɗin mutum ke maƙalewa.

Tushen al'amarin shi ne yadda jami'in kwastan ke kallon mota. A wurin mai ita abin hawa ce. A wurin jami'in kuwa haja ce mai tsada da ta shigo ƙasa ba a biya mata kuɗin fito ba, kuma ana iya sayar da ita gobe. A Tarayyar Turai kuɗin fiton ƙaramar mota kashi 10 cikin 100 ne, sannan a ɗora harajin sayen kaya, wanda yake kashi 19 a Jamus, 20 a Faransa, 21 a Beljiyam. Babu gwamnatin da za ta yafe wannan saboda baƙo ya yi rantsuwa cewa zai koma. Domin warware matsalar ne aka ƙulla yarjejeniyar kwastan ta shigo da motocin hawa na wucin gadi a birnin New York a 1954, aka kuma sake tattara irin waɗannan ƙa'idoji a yarjejeniyar Istambul ta 1990.

Takardar da ke ɗauke da wannan tsari ita ce wadda ake kira Carnet de Passages en Douane da Faransanci, mu kuwa za mu iya kiranta fasfon mota. Ƙungiyoyin masu motoci da ke ƙarƙashin inuwar AIT da FIA su ne ke bayar da shi, kuma wa'adinsa shekara guda ne. Littafi ne mai shafuka 5 ko 10 ko 25, kowane shafi na shiga ƙasa sau ɗaya ne, an kuma kasa shi gida uku. Jami'in da ya karɓi mota zai yage kashi ɗaya ya ajiye, jami'in da ya sallame ta ya yage na biyu, na ukun ya zauna a littafi ɗauke da hatimin shiga da na fita. Idan kashi biyun nan suka haɗu a ofishin kwastan, magana ta ƙare. Idan na fita bai iso ba, hukumar za ta nemi kuɗin fitonta daga ƙungiyar da ta tsaya wa motar a wannan ƙasa, ita kuma ta bi wadda ta bayar da littafin, wadda ta bayar kuma ta juyo kan mai mota.

To, a nan ne lissafin tattalin arziki ya shigo. Ƙungiyar da za ta tsaya wa mutum ba za ta yi haka a kan amana kaɗai ba; sai ya ajiye tsabar kuɗi, ko ya kawo lamunin banki, ko ya sayi inshorar da za ta biya a madadinsa. Ana ƙiyasta adadin ne bisa harajin ƙasar da ta fi tsanani cikin waɗanda za a ratsa. Akwai lokacin da ƙungiyar masu motoci ta RAC a Ingila ke neman lamunin da ya kai ninki takwas na darajar mota ga mai zuwa Masar. Ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Iran su ma an san su da tsada ta wannan fuska.

Mutane da yawa kan ce ai ajiya ce, za a mayar. Gaskiya ne za a mayar, to amma kuɗin da ke kwance ba ya haihuwa. Alal misali, a ɗauka ɗan kasuwa ya ajiye naira miliyan 30 na wata shida. A 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara guda sun riƙa biyan sama da kashi 20 cikin 100, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba. Bisa kashi 20, wannan ajiya ta ci masa naira miliyan 3 ba tare da an ba shi rasiɗi ba. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa sai ya auna da ribar da jarin zai kawo masa da yana juyawa a kanti, wadda sau da yawa ta ɗara haka. Har ila yau akwai haɗarin musaya. Dala da take wajen naira 460 a kasuwar gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya ajiye dala a tsakanin nan ya dace. Wanda aka biyo shi bashin kuɗin fito da kuɗin waje alhali samunsa na naira ne, bashinsa ya ninka uku yana zaune.

Ba kowace ƙasa ce ke neman fasfon mota ba, kuma wannan ya kamata a tantance tun kafin a kashe ko sisi. Tarayyar Turai kan bar baƙon da ba mazauninta ba ya yi amfani da motarsa har wata shida. Birtaniya ta yarda da lambar ƙasar waje na wata shida cikin kowane wata goma sha biyu. Amurka kan ba baƙo shekara guda, bisa sharaɗin ba zai sayar da motar ba kuma zai fitar da ita idan wa'adi ya cika. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce "baƙo". Sauƙin na wanda gidansa ke wajen ƙasar ne. Uban da ya kai mota Jamus, ya dawo gida ya bar wa ɗansa da ke zaune can makulli, yana iya jawo wa motar cikakken haraji da tara, ko da kuwa wata shidan bai cika ba.

Dangane da dakon kansa, hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, a tuƙa a fito. Ita ce mafi arha, sai dai mai mota zai miƙa makullinsa, motar ta bi ta hannun direbobi da yawa, kuma kamfanonin ba sa yarda a bar kaya a ciki. Man da ke tanki ma akan ce kada ya wuce rubu'i. Ta biyu ita ce kwantena mai ƙafa 20, inda ake ɗaure motar a rufe a sa hatimi. Ta fi tsaro, ta kuma fi tsada, domin ban da kuɗin jirgi akwai na lodi da na saukewa da na buɗe kwantena a wancan gefe. Daga Legas zuwa arewacin Turai tafiyar kan ci 'yan makonni, gwargwadon tasoshin da jirgi zai yada zango. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kalli farashin da ejan ya faɗa na daga tasha zuwa tasha a ɗauka shi ke nan. Kuɗin ajiya a tashar sauka yana fara hawa ne da zarar 'yan kwanakin alfarma sun ƙare, babu ruwansa da ko mai mota ya sami biza ko bai samu ba. Wannan ya sa a ganin wakilinmu babu hikima a ɗora mota a jirgi kafin biza ta shiga fasfo.

Sai batun inshorar teku, wadda ake yawan tsallakewa saboda zaton kamfanin jirgi zai biya idan wani abu ya faru. Zai biya, amma da awo. A ƙarƙashin ƙa'idojin Hamburg na 1978, waɗanda Nijeriya ta shigar cikin dokokinta a 2005, iyakar abin da ke wuyan mai jirgi shi ne SDR 2.5 kan kowane kilo, SDR kuwa shi ne kuɗin lissafi na Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500 diyyarta SDR 3,750 ke nan, wato wajen dala 5,000, ko Marsandi ce sabuwa ko tsohuwar akwala. Kuma jiragen motoci na cin wuta. A watan Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores ɗauke da motoci kusan 4,000, ya nutse a farkon Maris. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'idar teku da ke ba baƙin harkar mamaki: idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi domin ceto jirgi da kayansa, dukan masu kaya ne ke raba asarar gwargwadon darajar kayansu. Mutum na iya samun motarsa lafiya lau a tasha, a ce ba za a sake ta ba sai ya kawo lamunin kasonsa. Mai inshora kamfaninsa ne zai tsaya masa.

Da mota ta taka ƙasa kuma, wasu ƙananan kuɗaɗe za su biyo baya. Nijeriya ba ta cikin tsarin koren katin inshora na Turai, wanda a Afirka Maroko da Tunisiya ne ke ciki, saboda haka dole a sayi inshorar kan iyaka kafin a hau titi. Ana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Birane da yawa sun kafa shingen hayaƙi. A Landan, tun 29 ga Agustan 2023 shingen ya game dukan unguwannin birnin, kuma motar da ba ta cika ƙa'ida ba na biyan fam 12.50 kowace ranar da ta fita. Tsohuwar mota mai shan gas ita ce ta fi faɗawa wannan tarko. Kada kuma a manta cewa mun koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka sitiyarin motarmu ya dace da Faransa da Jamus da Amurka, amma a Ingila direba zai sami kansa a gefen kwata, ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce babbar mota.

A Afirka ta Yamma lamarin ya fi sauƙi, aƙalla a rubuce. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba motar hawa ta ɗan ƙungiya izinin zama har kwana 90 a wata ƙasar, motar haya kuma kwana 15, muddin akwai lasisi da takardar mallaka da inshora da takardar kwastan. Katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982, shi ne ke biyan diyyar wanda aka buge a ƙetaren iyaka. To sai dai siyasa na iya shafe duk wannan cikin dare ɗaya. An rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wa'adin takardar mota ba ya tsayawa don an rufe iyaka. Mai ita ne zai je ofishin kwastan ya nemi ƙari tun kafin ranar ta cika.

Idan aka tara duka, dakon zuwa da dawowa, kuɗin tasoshi biyu sau biyu, ladan ejan, inshora iri biyu da ribar jarin da aka kulle, mai tafiyar mako uku ko wata guda ba shi da hujjar kai motarsa. Haya ta fi masa arha nesa ba kusa ba. Lissafin yakan fara juyawa ne idan zaman ya kai watanni, ko tafiyar za ta ratsa ƙasashe da yawa inda kamfanin haya ba zai bari a ƙetare da motarsa ba, ko kuma motar an yi mata gyara na musamman, kamar ta naƙasasshe ko wadda aka shirya domin hamada.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne ya kamata a fara da shi, yana nan gida. Motar da ta dawo Apapa ko Tin Can ba ta da bambanci da tokumbo a idon jami'in da ke bakin aiki, sai fa in akwai takardar da ta nuna kwastan ta ga fitarta, da lambar jikinta da ta injinta, tare da shaidar kuɗin fiton da aka biya tun farkon shigowarta. Wanda ya fita babu wannan yana iya biyan haraji sau biyu a kan mota ɗaya. Mai dawowa ta ƙasa ma haka, domin a Janairun 2017 gwamnati ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motar da takardunta ba su cika ba za a iya ɗaukarta ta fasa-ƙwauri.

Ajiyar da aka yi kuwa ba ta dawowa sai an mayar da fasfon motar ga ƙungiyar da ta bayar da shi, kowane hatimin shiga da ɗan'uwansa na fita. Idan ɗaya ya ɓace, alal misali an bar wata ƙasa da dare ta ƙaramar iyaka jami'i bai buga ba, akwai shafi a ƙarshen littafin da hukumar kwastan ta ƙasar da motar take za ta cika, ta shaida cewa ta ga motar da idonta. Yarjejeniyar 1954 ta ba hukumar da ke bin bashi shekara guda bayan ƙarewar wa'adin littafin ta sanar da ƙorafinta, saboda haka wasiƙar neman kuɗin fito na iya iske mutum a gida watanni da yawa bayan ya sauke kayansa.