Ɗige-ɗigen da ke riƙe da motarka

Mai sauraro, in ka buɗe ƙofar mota ka ɗan janye robar da ke gefenta, za ka ga wasu ƴan loɓa-loɓa a jere, ba su kai faɗin farcen yatsa ba. To, su ne suka haɗa bodin, kuma a mota guda sukan kai 3,000 zuwa 5,000.

Wannan walda ba irin ta bakin titi ba ce, ba a ƙona sandar walda. Haƙoran jan ƙarfe biyu ne suke matse fallayen ƙarfe, sai a saki lantarki na dubban amfiya, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Jan ƙarfe yana barin wuta ta wuce salin-alin, shi kuwa baƙin ƙarfe tirjewa yake yi. Tirjiyar nan ce ke haifar da zafi daidai inda fallayen suka haɗu, wurin ya narke, ya daskare a matse, biyu su zama ɗaya. Elihu Thomson ne ya ƙirƙiro walda ta wannan hanya a Amurka, a shekarun 1880. Yau mutum-mutumin inji ke yin ta a masana'antu.

Ina ruwanka da wannan? In za ka sayi motar Kwatano, duba ɗigon nan. Na kamfani iri ɗaya ne, tazararsu a tsare. In ka ga sun ɓace, ko ka ga kumburin walda da cikon foti, motar ta taɓa haɗari an sauya mata ɓangare. Gyaran da bai yi kyau ba yana iya yagewa ranar karo, alhali iyalinka suna ciki. Ka duba kafin ka biya.