Bindigar Gasa Mai Cin Harsashin Fistol: Kafin Ɗan Dingaya Ya Sa Ta a Rai

A 'yan shekarun nan bidiyon gasar harbi ya cika wayoyin matasa. Za ka ga mutum sanye da tabarau da abin toshe kunne, ana kaɗa masa ƙararrawa sai ya zabura daga wannan shinge zuwa wancan, yana kakkaɓe farantan ƙarfe, kafin ƙiftawa da bismilla ya gama. Bindigar doguwa ce, tana da gindin da ake jinginawa a kafaɗa, amma harsashin ƙaramar bindiga take ci, wato fistol. Masu wasan suna ce mata PCC. A Dingaya da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, inda farauta da harbin Sallah ba baƙin abu ba ne, ba a rasa mai tambayar wace iri ce ta fi kyau, kuma ina ake samunta. Tambayar farko ilimi ce mai daɗin sani. Ta biyun kuwa tana iya kai mutum gidan yari.

Dabarar tsohuwa ce. Tun zamanin bindigar Winchester ta 1873, makiyayan yammacin Amurka suka gane sauƙin riƙe doguwa da gajera masu cin harsashi iri ɗaya. Na yau kuwa galibi mai faɗin milimita 9 suke ci, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20. Ƙungiyar IPSC mai kula da irin wannan gasa a duniya an kafa ta a 1976 a jihar Missouri, da Jeff Cooper a matsayin shugabanta na farko, sai a 2016 reshenta na Amurka, USPSA, ya buɗe wa wannan bindiga rukuninta. Nan da nan ta karɓu, domin harsashinta ya fi na manyan bindigogi arha, ba ta naushin kafaɗa, kuma ba ta ɓata farantan ƙarfen da ake harbi a kusa.

A wannan gasa ana raba makin da mutum ya ci da daƙiƙoƙin da ya ɓata, saboda haka saiti ba sauri asara ne, sauri ba saiti ma haka. Shi ya sa abin da gwanaye suke fara dubawa shi ne kada bindiga ta cije. Wadda ta sarƙe sau ɗaya a tsakiyar zagaye ta zubar da mai ita, komai tsadarta. Sai yadda take sake ɗora harsashi. Masu sauƙin kuɗi, irin su Ruger PC Carbine ta 2017 da CZ Scorpion, suna da wani ƙarfe mai nauyi a ciki da ƙarfin harbin yake tura shi baya, sifirin ya dawo da shi. Ba su da wuyar wanki da gyara, amma kai-da-komon ƙarfen nan yana girgiza saiti. SIG MPX kuwa da iskar harbin take aiki, ta fi laushi a hannu, ta kuma fi cin aljihu. Akwai batun gidan harsashi: da yawa suna zaɓen mai karɓar na fistol ɗin Glock don ya fi samuwa. Tsawon hancinta a Amurka yawanci inci 16 ne, ba don shi ya fi ba, sai don dokarsu ta 1934 ta tsaurara a kan gajeru. Kusan kowa yana ɗora mata madubin saiti mai jan ɗigo. Amfaninta dai a kusa ne; da an wuce mita 100 harsashin ya fara sunkuyawa.

Duk wannan labarin wata ƙasa ne. A nan, Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Na farko haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: a ciki akwai fistol da libarba kowace iri, da masu sarrafa kansu, da dogayen bindigogin soja masu faɗin harsashi milimita 7.62 da milimita 9. Ka ga ke nan bindigar bidiyon, mai milimita 9, tana bakin wannan rami, kuma hukuncin riƙe haramtacciya ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Na biyu su ne na lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar harbin tsuntsu mai hanci ɗaya ko biyu wadda ba ta ɗora wa kanta harsashi, da ta wasanni, da bindigar iska. Na uku ta gargajiya mai ɗuri ta baki, harba-ka-ruga, wadda lamarinta ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha, a wurinmu Dutse. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A Agustan 2023 ma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Duk wanda ya raɗa maka cewa zai shigo maka da ita ta bayan gida, to abokin zaman kurkuku yake nema.

Ni a ganina, abin kwaɗayi a bidiyon nan ba ƙarfen ba ne, tsarin filin ne, kuma shi ne ba a cika lura da shi ba. Bindiga tana shigowa fili babu harsashi, da wata 'yar tutar roba a cikinta don kowa ya shaida. Ba a ɗora mata sai alƙalin fili ya ba da umarni, yana tsaye a bayan mai harbi. Hancinta ya karkata ya wuce gefe zuwa wajen 'yan kallo, ko a ga yatsa a kan kunama lokacin da mutum yake canza gidan harsashi, shi ke nan an sallame shi daga gasar ranar, ko da shi ne zakaran bara.

Yanzu dubi namu. Ranar hawan Sallah ko bikin naɗin sarauta, mai bindiga zai tsaya cikin taro, ya zuba albarushi da ƙiyasin tafin hannu, ya cusa tsumma, ya daddanna da sandar ƙarfe, yara sun yi masa zobe suna leƙe. Don tasa ta fi ta abokinsa ƙara sai ya ƙara awo. Hancin bindigar kuwa sau da yawa bututu ne da maƙeri ya sarrafa, ba wanda ya gwada iyakar abin da zai ɗauka. Idan ya tsage, yatsu da ido ne a kusa. A dawa ma, yawan hatsarin farauta daga harbin motsin ciyawa yake zuwa, kafin a tabbatar mene ne a ciki. Sarakunan baka da shugabannin maharba suna da ikon da za su kafa ƙa'ida a kan awon albarushi da tazarar 'yan kallo, kuma wannan ba ya bukatar ko sisi.

Wanda kuma wasan saitin ne da gaske ya shiga ransa, ƙofar da ta fi kusa ita ce bindigar iska, bayan ya je hedikwatar 'yan sanda ya ji matsayin lasisi, don ita ma doka ba ta sake ta ba. Kada a raina ta. Da ita ake gasar Olamfik a tazarar mita 10, da ɗan ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, harbi 60 a tsaye cikin minti 75. Ɗigon da ake nema a tsakiyar takardar rabin milimita ne.