KWAMFUTAR ALLO: WACCE TA DACE DA MUTANENMU NA INUGU, ANACHA DA FATAKWAL?

Tun zamanin Turawa Hausawa suke zaune a biranen Gabas suna fataucin shanu da awaki da albasa da wake, har ma a shekarun 1950 wani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. Jikokin waɗancan fatake suna nan a Obiagu da Gariki cikin Inugu, da bakin gadar Anacha, da unguwannin Fatakwal. Sana'ar ba ta sāke ba, kayan aikinta ne suka sāke. Littafin bashi da wasiƙar hannu sun soma ba da wuri ga wayar salula, yanzu kuma ga wata na'ura mai faɗi kamar allon almajiri, wadda ake shafa fuskarta da yatsa, watau kwamfutar allo.

Wanda ya shiga kasuwar Ogbete a Inugu, ko babbar kasuwar Anacha, ko layin masu waya na Garrison a Fatakwal, zai tarar da waɗannan alluna jere a cikin gilashi, duk kamanninsu ɗaya. To, amma kama da wane ba ta wane. Abin da ya raba su yana ciki, shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Wanda bai san wannan ba yana iya zuba ribar watanni a kan abin da ba zai yi masa aikin da ya saye shi dominsa ba.

ASALIN BAMBANCIN

Alluna iri biyu ne. Akwai masu ɗauke da manhajar kwamfutar ofis, watau Windows ta kamfanin Microsoft. Akwai kuma masu ɗauke da manhajar da aka gina tun farko domin wayar hannu, watau Android ta kamfanin Google, da ta allon iPad na kamfanin Apple, wadda tun 2019 ake kira iPadOS.

Microsoft ne ya riga fitowa. A 2002 ya fito da Windows ta musamman domin allunan da ake rubutu a kansu da alƙalami, amma suna da nauyi da tsada, ba su karɓu ba. A 2010 Apple ya fito da iPad, mai baturin da ke kai wa awa goma, kuma cikin wannan shekara Samsung ya fito da Galaxy Tab mai Android. Daga nan kasuwa ta buɗe. Microsoft ya dawo a 2012 da Surface RT, wanda fuskarsa ta Windows ce amma ba ya karɓar manhajojin Windows da mutane suka saba da su. Masu saye suka guje shi, har a 2013 kamfanin ya bayyana hasarar dala miliyan 900 a kansa. A wannan shekara kuma ya fito da Surface Pro, wanda shi cikakkiyar kwamfuta ce a siffar allo.

ABIN DA FALKE KE BUKATA

Dillalin shanu a Gariki, ko mai saukar da albasa a Anacha, bukatunsa sanannu ne. Yana son ya ga kuɗi sun shiga asusunsa kafin mota ta tashi, ya aika hoton kaya ga ubangidansa a Potiskum ko Aliero, ya yi magana da iyali, ya kuma saurari karatu da labarai. Bankunan Nijeriya da kamfanoni irin su OPay da Moniepoint duk sun yi manhajojinsu ne domin Android da wayoyin Apple. Wanda ke da allon Windows sai dai ya bi ta shafin intanet na banki, in akwai shi. Da can an yi wata hanya ta sa manhajojin Android cikin Windows 11, amma Microsoft ya rufe ta a watan Maris na 2025. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 ya koya wa kowane ɗan kasuwa cewa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na biyu kuwa shi ne layin waya. Yawancin allunan Android da ake sayarwa a ƙasar nan, na Samsung da Tecno da itel da Lenovo, suna da gurbin sa layi, har a yi kira da su. Wani iPad yana karɓar layi, amma na intanet kaɗai, ba a kiran waya na yau da kullum da shi. Allunan Windows kuma galibinsu ba su da gurbin sam, sai an jingina su da wata waya.

Na uku ita ce wuta. Allon Android da iPad suna aiki da ƙaramin injin lissafi irin na waya, mai cin wuta kaɗan, kuma yawanci cajar waya ko ƙaramin faifan hasken rana ya ishe su. Tsofaffin allunan Windows masu injin Intel sun fi zafi, sun fi shan baturi, waɗansu kuma sai da cajarsu ta musamman, wadda in ta ɓace samunta aiki ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ta da janareta domin caji kawai ya zama hasara. Gaskiya ne a 2024 an fito da sababbin Surface masu daɗewa da wuta, sai dai kuɗinsu ba na kowa ba ne.

Hukumar zaɓe ma da ta tashi neman na'urar da za a kai kowace rumfa, a yini da ita ba wuta, mai Android ta ɗauka. Ita ce BVAS, wadda mutanen Anacha suka gani a zaɓen gwamnan Jihar Anambra a watan Nuwamba na 2021, kafin a bazu da ita ƙasa duka a 2023.

INDA WINDOWS TA FI

Duk da haka, kada a ɗauka allon Windows ba shi da rana. Magatakardan ƙungiyar 'yan kasuwa, mai riƙe da lissafin motoci da kuɗin shiga da sunayen ɗaruruwan mutane, zai fi jin daɗin cikakken Excel da Word, gama waɗanda ke cikin Android an rage musu waɗansu ayyuka. Yaron da ke koyon aikin ɗab'i, yana zana katin biki da kalanda da CorelDRAW, Windows zai nema, don ba a yi cikakkiyar wannan manhaja domin Android ko iPad ba. Haka ɗalibin da ke karatun lissafin kuɗi ko injiniya a Inugu ko Nsukka. Injin buga takarda ma, musamman tsoho, ya fi saurin jituwa da Windows.

Akwai kuma batun jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla, kuma a ɗakin jarrabawa madannai da linzami yaro zai tarar. Wanda ya saba da shafa gilashi kawai yakan daburce. Saboda haka uban da zai saya wa ɗansa allo, ko wane iri ne, ya haɗa masa da madannai.

Sai dai a sani, allon Windows ba ya cika aikinsa sai da madannan nan, kuma sau da yawa dabam ake sayar da su. In an tara kuɗin duka, wani lokaci gara a sayi kwamfutar cinya gaba ɗaya.

TARKON NA HANNU

Mafi yawan kukan da ake yi daga kayan gwanjo yake fitowa, waɗanda ake shigo da su ta Ikko. Araha ba ta ado. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, watau ya daina aiko da gyaran da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana bukatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki da 64 na ma'aji, kuma galibin allunan da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗanta ba. Surface RT ma tun Janairun 2023 aka yi sallama da shi. Sa lambar asusun banki cikin irin waɗannan kamar ajiye kuɗi ne a shagon da ba ƙyaure.

Allunan ɗaya ɓangaren su ma suna da nasu tarko. Tun 2013 Apple ya sa kulle wanda ke ɗaure kowane iPad da sunan mai shi. In mai shi na farko bai cire sunansa ba, allon ya zama faranti. Android ma tana da irin wannan kulle tun 2015. Bayan haka, ƙananan alluna marasa suna sukan zo da tsohuwar Android wadda manhajar banki za ta ƙi hawa, ko ta hau yau ta ƙi gobe.

KAFIN A BIYA

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya sa a kunna allon a gabansa, a shiga wurin saiti a nuna masa sunan manhajar da lambarta. In na hannu ne, a goge shi tas a sāke ta da shi nan take, a ga ko zai nemi sunan wani. Ya sa layinsa ya gwada kira, ya saukar da manhajar bankinsa, ya duba ko cajar irin wadda ake samu ko'ina ce. Mai rubutu da Hausa ya gwada haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda madannan Gboard na Android ke da su. Daga ƙarshe ya karɓi rasiɗi mai sunan shago da lambar na'urar, domin baƙo a garin mutane ba shi da shaidar da ta fi takarda in aka zo da zancen kayan sata.

Taƙaitaccen zance shi ne, wanda aikinsa ciniki ne da aike da karɓar kuɗi, yana yawo tsakanin kara da tasha, allon Android mai layi ya ishe shi. Wanda kuwa aikinsa na zama ne a tebur, rubutu da lissafi da zane, ya nemi mai Windows 11 da madannansa. Mutum ya fara lissafa ayyuka uku da zai yi da allon kowace rana, sa'an nan ya tambayi farashi.