Iyakar Ma'ajiyar Aiki a Tsofaffin Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa mai shagon buga takardu a Minanata ko wata unguwa ta birnin Sakkwato yakan sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya ƙara kuɗi a sa mata ma'ajiyar aiki, watau abin da Turawa ke kira RAM, har gigabayit 4 ko 8, amma da an kunna ta sai ta nuna uku da ɗoriya kaɗai take iya amfani da su. Nan take sai a zargi mai gyara da ha'inci. Galibi kuwa ba shi da laifi, domin matsalar ta girme shi.

Na'ura tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai faifai, wanda yake kamar rumbu, inda ake tara abu ya daɗe. Akwai kuma ma'ajiyar aiki, wadda take kamar tabarmar da ake baje abin da aka ɗebo daga rumbun, kuma da wuta ta ɗauke sai kome da ke kanta ya gushe. Kowane gurbi a wannan ma'ajiya ta biyu yana da lamba tasa, kamar yadda ake lambata gidaje. Alal misali, in aka ce lambar gida a unguwa ba za ta wuce alƙaluma biyu ba, to gida ɗari kaɗai ɗan aike zai iya samu, ko da an gina dubu. Sauran suna nan tsaye, sai dai babu hanyar kiransu.

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa, da ƙwaƙwalwar Intel 8088, wadda ke da layukan lamba 20. Layi 20 suna ba da gurbi 1,048,576, watau megabayit ɗaya. Ko wannan ɗin ma ba a bar wa mai aiki duka ba: an keɓe kilobayit 384 na sama domin allo da umurnin da ke tayar da na'urar, aka bar 640 ga babbar manhajar DOS da duk abin da za a ɗora mata. A lokacin abin ya yi kama da yalwa, tun da mafi arahar samfurin da kilobayit 16 kacal aka sayar da shi. (Ana jingina wa Bill Gates cewa 640 ɗin sun ishi kowa, shi kuwa ya musanta faɗin haka.)

Ga manazarcin harshe, lissafin yana da sauƙi. A wancan zamani harafi ɗaya bayit ɗaya ne, saboda haka in shafi yana ɗauke da harafi 2,500, kilobayit 640 ba za su wuce shafi 260 da 'yan kai ba, tun kafin DOS da manhajar rubutu su ɗebi rabonsu. Irin wannan tsimi ne kuma ya taɓa Hausa kai tsaye, domin bayit ɗaya alama 256 kaɗai yake iya bambantawa, kuma a jerin da IBM ya zaɓa babu ɓ da ɗ da ƙ. Daga baya tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba su lambobi nasu.

Abin takaici shi ne iyakar ta daɗe bayan dalilinta ya kau. Ƙwaƙwalwar 80286 da IBM ya sa a samfurinsa na 1984 tana iya lambata megabayit 16, to amma DOS ta ci gaba da tafiya bisa tsohon tsari don kada manhajojin da mutane suka riga suka saya su daina aiki. Sai aka shiga dabaru. A 1985 Lotus da Intel da Microsoft suka shirya wata 'yar taga mai kilobayit 64, wadda ake leƙa ƙarin ma'ajiya ta cikinta kashi-kashi.

Wannan tarihi shi ne ya maimaita kansa a kan mai shagon da aka ambata. Tsarin bit 32, wanda Intel ya shigo da shi a 1985, yana da lambobin gigabayit 4. Windows XP ta 2001, da nau'in Windows 7 mai bit 32, a cikin wannan da'ira suke, kuma allo da sauran kayan na'urar suna karɓar nasu lambobin daga sama, daidai yadda aka yi a 1981. Abin da ya rage shi ne uku da ɗoriyar nan. Ƙara ma'ajiya a irin wannan hali asarar kuɗi ce. Abin da ake bukata shi ne babbar manhaja mai bit 64, in har ƙwaƙwalwar na'urar tana iya ɗaukarta, kuma wannan shi ya kamata a fara dubawa kafin a tafi kasuwa.