Ko Kun Sani?

Akwai masu tashin ƙaramin kwafin jirgin L-39 Albatros da rimot, suna tsaye a ƙasa abinsu. Asalin jirgin na koyar da matuƙa jiragen yaƙi ne, ƙirar kamfanin Aero na tsohuwar Cekoslobakiya. Ya fara tashi a 1968, kuma sojin saman Najeriya sun horar da matuƙansu da shi a Kano.

Kwafin nan fa ba abin wasan yara ba ne. Wasu batir ke ja, amma masu tsadar injin jet na gaske gare su, bai wuce fulas ɗin shayi girma ba. Kananzir yake sha, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. In ka matso kusa, dole ka toshe kunne.