FILIN MANOMA: Inabi Da Sanyin Hunturu

Daga Malamin Gona, Unguwar Gabas, Samaru

Manoma, yau zancenmu a kan inabi ne. Shekarun baya in an ambaci inabi a ƙasar Zazzau sai a zaci tsarabar alhazai a ke nufi, ko kuwa wanda a ke sayarwa a kanti cikin 'yar roba, mai zuwa daga Afirka ta Kudu ko Masar. Yanzu kuwa ga shi nan arewa da mu kaɗan, a ƙasar Kudan da Hunkuyi, mutane sun kakkafa rumfunan inabi suna tsinka suna kai wa kasuwa. Ganin haka ya sa waɗansu ma suna sha'awar su gwada. To, amma aikin da tsada. Kafin mutum ya ɗanɗana ƙwaya guda sai ya sayi dirkoki da waya, ya tanadi rijiya da injin ban ruwa, ya kuma yi jiran shekara ɗaya da rabi ko biyu. Wanda ya zuba wannan dukiya, sa'an nan 'ya'yan suka fito fari-fari, da tsami, ko suka farfashe a bisa rumfa, ya yi babbar hasara. Galibi kuwa abin da ke jawo wannan shi ne rashin sanin lokacin da za a yi wa itacen aski, watau a daddatse rassansa.

Domin a gane dalili, bari mu leƙa wata ƙasa inda inabi ya daɗe da zama. A can ƙarshen Afirka ta Kudu, bakin teku, akwai lardin Kef. Wani Baturen Holan, Jan van Riebeeck, shi ya fara dasa inabi a wurin cikin 1655, aka fara matse 'ya'yansa cikin watan Fabrairu na 1659. Har yanzu gonakin Stellenbosch sun shahara a duniya saboda baƙin inabi, wanda Turawa ke yin jar giya da shi. Giya dai ba abin shanmu ba ce, addini ya hana. Amma itacen ɗaya ne, abin da ya ke bukata a can shi ya ke bukata a nan, saboda haka akwai abin koyo.

Ƙasar Kef da zafi da rana, amma teku na kusa, ruwan tekun kuwa mai sanyi ne. Da yamma sai iska ta taso daga teku ta sanyaya gonaki. Akwai kuma wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas wadda mutanen wurin ke kira Likitan Kef, domin ta kan busar da ganye ta hana fumfuna kama shi. Ruwan samansu ya fi sauka daga Mayu zuwa Agusta, watau watannin daminarmu ke nan. Sai dai su a can lokacin ɗari ne, inabi ya zubar da ganye yana barci, ruwa ba ya cutarsa. In 'ya'ya suka tashi nuna, wajen Janairu zuwa Maris, sama ta ɗauke, ga rana da zafi, ga dare da sanyi.

Abin da inabi ke so ke nan: ya nuna cikin fari, rana ta ba shi zaƙi, sanyin dare ya ba shi launi. Ka ɓare ƙwayar baƙin inabi ka duba, za ka ga naman cikinta fari ne, jan duka a ɓawo ya ke. Masana sun gwada sun ga in zafi ya wuce digiri 30 ya doshi 35, dare kuma bai huce ba, ɓawon ba ya tara launi sosai.

Mu nan ba mu da teku, amma Allah ya ba mu hunturu. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu rana na fitowa sarai, ba ruwa, ba raɓa mai yawa, da asuba kuwa ma'aunin zafi ya kan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka. Aikin da iskar teku ke yi wa manomin Kef, shi hunturu ke yi wa manomin Zazzau. Wahalar ita ce, a ƙasarmu sanyi bai kai ya sa inabi barci ba. In aka bar shi sai ya yi ta tofo shekara duka, ya yi fure lokacin da ya ga dama. Manomi ne zai tsara masa lokaci, da almakashi.

Manoman Indiya na wajen Nashik, waɗanda su ma ke da damina da rani irin namu, aski biyu su ke yi a shekara, ɗaya a Afrilu, ɗaya a Oktoba. Ni a ganina wannan tsari shi ya fi dacewa da mu.

Askin fari, bayan an gama tsinka, wajen Afrilu. A datse rassan da suka yi 'ya'ya duka, a bar ido ɗaya a gindin kowane. A zuba takin shanu ruɓaɓɓe, a ba da ruwa. Sababbin rassa za su fito su yi ƙwari cikin damina. In fure ya fito a wannan lokaci a tsinke shi a yar. Na san wannan da ciwo, ba manomin da ke son ya zubar da abin da itace ya ba shi. Amma a Samaru ruwan shekara ya kan kai inci 40, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta da Satumba, nonon inabin da ya riski wannan ruwa ruɓewa zai yi, ya kuma tsotse ƙarfin da itacen zai yi amfani da shi da rani.

Cikin damina babban abokin gāba shi ne fumfuna. Alamarta ɗigo-ɗigo rawaya a bisa ganye kamar an ɗiga mai, in ka juya bayansa ka ga fari kamar auduga. Maganinta tsoho ne. Wani malami a Bodo ta ƙasar Faransa, Millardet, shi ya bayyana shi cikin 1885, haɗin gishirin jan ƙarfe ne da farar ƙasa a ruwa. Har yau magungunan feshi masu jan ƙarfe suna aiki, amma tsari su ke yi, ba sa warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Saboda haka a fesa tun cutar ba ta bayyana ba, a kuma maimaita in ruwa ya wanke.

Aski na biyu shi ne mai kuɗin. Da ruwa ya ɗauke, wajen tsakiyar Oktoba, a zaɓi rassan da suka ƙosa, masu launin ƙasa-ƙasa da kaurin fensir, a datse su, a cire ganyen duka. Yawan idon da za a bari ya danganta ga iri. Bangalore Blue, wani baƙin inabi na Indiya mai ƙwallo da kaurin ɓawo, ido 3 ko 4 ya ishe shi. Thompson Seedless, fari marar ƙwallo wanda a ke yin zabibi da shi, sai an bar masa dogon reshe mai ido 8 ko fiye. Saboda haka kada ka sayi dashe wurin wanda bai iya gaya maka sunan irin ba.

Yanzu mu yi lissafi. Daga aski zuwa tsinka wata 4 ne zuwa 5. Wanda ya yi aski tsakiyar Oktoba, furensa zai buɗe cikin Nuwamba, ba ruwan da zai kakkaɓe shi. 'Ya'yan su fara juya launi cikin Janairu, tsakiyar sanyi, ya tsinka cikin Fabrairu ko farkon Maris. Wanda kuwa girbin masara da dawa ya ɗauke masa hankali, bai waiwayi rumfa ba sai Disamba, inabinsa zai nuna cikin Afrilu, lokacin da bazara ta kai maƙura, dare ma zufa a ke yi. Launi ba zai kama ba. In kuma aka yi ruwan fari a kansa, ƙwayoyin su kumbura su tsage. Ga shi lokacin mangwaro ya cika kasuwa, mai saye ya sami abin da ya fi araha.

Tun da ya ke duk wannan aiki da rani a ke yinsa, ban ruwa wajibi ne, amma inabi ba ya son ƙafarsa cikin taɓo. Jigawa mai zurfin ƙasa kusa da rijiya ta fi fadamar da ruwa ke kwanciya. In 'ya'ya suka fara launi a rage ruwa kaɗan domin zaƙi ya taru. A lura da gara a gindi, da tsuntsaye da jemagu a sama, raga ita ce maganinsu.

Wani abu kuma, inabi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba. In an tsinke shi ba ya ƙara nuna ko an rufe shi a kwando kwana nawa. Launi kuwa ya kan riga zaƙi zuwa. Kafin ka sa wuƙa, ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙarshen nonon, gama ita ta kan yi jinkirin zaƙi. A tsinka da sassafe, a ajiye a inuwa.

Saura ƙananan nonna da waɗanda suka warwatse, waɗanda dillali zai raina. Kada a zubar. A wanke su, a murtsuke, a ɗora a wuta tare da ɓawon har ya yi zafi sosai amma kada ya daɗe yana tafasa, sa'an nan a tace. Za a sami ruwa ja wur kamar zoɓo. A sha shi ran nan, ko a sa a firji, domin cikin zafin ƙasarmu kwana biyu ya isa ya fara kumfa ya juye ya zama abin da ba mu so.

Wanda ya sha zai ji ɗan ɓauri a harshe. Wannan ɓauri daga ɓawo da ƙwallo ya ke fitowa, dangin abin nan ne da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi, shi ya sa ya ke ɗaure baki. Turawa sun daɗe da lura cewa kitse da nama suna kwantar da shi, shi kuma yana wanke maiƙo daga baki. Dalilin da ya sa ke nan mutanen Kef ke haɗa jan abin shansu da gasasshen naman rago, farin kuwa su ajiye shi domin kifi. Mu ma mun san wannan tun kaka da kakanni, ko da ya ke ba mu ba shi suna ba, ai shi ya sa zoɓo mai tsami ke tafiya da tsire. Ruwan baƙin inabi ya dace da balangu da soyayyen naman Layya da farfesun kai, da masa mai mai, duk abincin da ke ginsar mutum. Amma da abu mai yaji ƙwarai, kamar kilishin da ya sha barkono, ɓaurin ƙaruwa ya ke yi, gara a ɗan sa sukari. Da fura ko nono kuwa ban ba da shawara ba, tsami ne a kan tsami.

Wanda ke nufin shiga wannan sana'a, kada ya fara da eka. Ya fara da gindi 20 ko 30, tsakanin kowane da ɗan'uwansa kamar taku 10, ya yi shekara biyu yana koyon askin. Reshen dashe kuwa lokacin askin Oktoba a ke samunsa, yankakke mai ido 3 ko 4, a kafa shi a leda kamar yadda a ke dasa rogo. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu, ko ya zo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta nan Samaru, ya riƙo ganye ko nonon da ya ba shi matsala a gani da ido.